Wasiƙa: In an ce suga guba ne, wane sugan ake nufi?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, don Allah ina roƙon a ba ni fili, na san wasiƙar ta yi tsawo amma dan Allah kar a datse min ita a tsakiya, don tsakiyar ce ma ta sa na zauna rubutun. Ni ba likita ba ne, malamin makaranta ne, kemistiri nake koyarwa a sakandare, wani lokacin har da bayoloji in babu mai ɗauka. Abinda ya dame ni wata magana ce da ta cika waya da bakin mutane, har a wasu rubuce-rubucen lafiya ina ganinta, wai suga guba ne, suga farin kisa ne, kar ka kusance shi. Da can ina jin maganar in yi dariya in wuce, sai da ta kusa tafiya da ran yayana a gaban idona sannan na dena dariyar.

Yayana ya daɗe da ciwon suga, har an kai ga allurar insulin, mai sauke sugan jini, yake yi safe da yamma. Ran nan ya yi allurar safe, kafin ya sa wani abu a baki aka kira shi a waya kan wani uzuri, ya zari hula ya fita wai yanzu zai dawo. Bai dawo ba sai wajen sha ɗaya, ni kuma Allah Ya sa na je gidan karɓar wani abu. Ya shigo rigarsa jagab da zufa alhali ba wani zafi ake ba, hannunsa na rawa har ya kasa cire takalmi, aka gaishe shi ya amsa da faɗa, mutumin da ko yaro bai iya tsawata wa. Magana yake amma ba kan gado, kamar wanda aka tasa daga barci. Matarsa, Anti muke ce mata, ta ce shikenan sugan ya tashi, ta nufi firij za ta ɗauko allura ta ƙara masa. Na ce Anti tsaya a auna tukun. Na tsira masa yatsa, mitar auna sugan jini ta nuna 52, wato sugan faɗuwa ya yi ba tashi ba.

Na ce a kawo min suga da ruwa yanzu yanzu. Wallahi Edita riƙe min hannu ta yi, ta ce kai kashe shi za ka yi, mai ciwon suga za ka ɗura wa suga? Shekara nawa tana ɓoye gwangwanin suga a gidan saboda shi. Ban tsaya dogon bayani ba na zuba cokalin shayi huɗu a rabin kofin ruwa na juya, tunda yana zaune yana iya haɗiya na riƙe masa kofin ya shanye. Muka zuba masa ido. Bayan minti goma sha biyar na sake aunawa ya haura 80, zufar ta tsaya, ya ɗago kai ya dube mu ya ce wai lafiya kuka tsaya min a ka haka. Sannan aka kawo masa abinci ya ci. Da allurar nan ta shiga jikinsa a wannan halin, sai dai wani ikon Allah.

Ban ga laifin Anti ba ko kaɗan, mace ce mai kula, abinda aka yi ta faɗa mata ta riƙe. Laifin na kalmar ne. Kalma ɗaya muke da ita, suga, muna kiran farin garin da ake zubawa a shayi da ita, muna kiran abinda ke yawo a jini da ita, muna kiran ciwon ma da ita. To in aka ce suga guba ne wanne daga ciki? Don na cikin jinin nan in ya ƙare minti kaɗan mutum zai suma.

Abinda nake fara gaya wa ɗalibaina kenan, suga dangi ne ba mutum ɗaya ba. Ƙananan cikinsu waɗanda narkewar abinci ba ta ƙara raba su gida biyu, su ne tubalin da aka gina sauran da su, kuma uku ne suka fi shafar cikinmu, gulukos da furuktos da galaktos. Abin mamakin su ukun nan kayan haɗinsu ɗaya ne sak, kabon 6, haidirojin 12, oksijin 6, ba ƙari ba ragi. Jerin ne kawai ya bambanta. Nakan rubuta musu gari da riga a allo in ce ku ƙirga haruffan, huɗu ne iri ɗaya, amma wa zai saka gari ya fita unguwa? To haka jiki yake ganinsu, kowanne da ƙofar da yake shiga da hanyar da yake bi. Wani Bajamushe Emil Fischer shi ya warware yanda jerin nan yake a wajajen 1891, lokacin ba wata na'urar da za ta nuna masa, tunani ne da gwaji kawai, a 1902 aka ba shi kyautar Nobel.

Farin sugan shayi, wanda ake samu daga rake, gulukos ɗaya ne da furuktos ɗaya suka riƙe hannun juna. Sugan da ke cikin madara gulukos ne da galaktos. Sitaci kuwa, wato abinda ya cika shinkafa da burodi da dankali da masara, sarƙa ce doguwa ta gulukos zalla, ɗaruruwa har dubbai a jere, shi ya sa ba ka jin zaƙinsa, ya yi wa harshe girma. Akwai gwajin da nake sa yara su yi a aji, kowa ya gutsiri burodi ya yi ta taunawa kar ya haɗiye. Da farko sai yatsina fuska suke, can bayan minti biyu ko uku sai ka ji wata daga baya ta ce Malam ya fara zaƙi! Yawun bakinta ne, akwai wani sinadari a ciki amilas da ya fara yayyanka sarƙar zuwa guntaye na gulukos bibbiyu. Aikin da aka fara a baki kenan, a ƙaramin hanji ake ƙarasa shi, kuma bangon hanjin nan ba ya barin kowa ya wuce cikin jini sai ɗai-ɗai. Duk abinda ka ci na sitaci ko na zaƙi, sai an mayar da shi ɗaya daga cikin ukun nan kafin ya shiga. Saboda haka mutumin da zai bugi ƙirji ya ce shi ya shekara bai sha suga ba, alhali kullum sai ya tashi da tulin farar shinkafa, to gulukos na shiga jininsa fiye da na mai cokali ɗaya a shayi, bai dai ji zaƙin a baki ba ne.

Ko ciyawa da auduga da takardar da ake buga jaridar nan, su ma sarƙar gulukos ce, ƙullin ne aka yi shi ta wata fuska da cikinmu bai da makamin kwance shi. Saniya ma ba da kanta take kwancewa ba, ƙananan halittun da ke tumbinta ke mata aikin.

Yanzu lissafin da ya fi ba ni mamaki, har yau in na faɗa a aji sai an yi shiru. Babban mutum yana da jini wajen lita biyar. In ka tattara duk gulukos ɗin da ke cikin jinin nan a lokacin da bai ci komai ba, giram huɗu ne ko ɗan sama da haka, wato cokalin shayi ɗaya. Shikenan fa. Amma ƙwaƙwalwa ita kaɗai tana cinye wajen giram 120 a rana, ita da nauyinta bai wuce kashi biyu cikin ɗari na jiki ba, kuma ba ta da rumbun ajiya na kirki, abinda jini ya kawo a wannan daƙiƙar shi take ci. Jajayen ƙwayoyin jini su kuma ba su san wani abinci ba ma sai gulukos. To kaga cokali ɗaya a jini, ana ɗiba dare da rana, amma ga mai lafiya ba ya ƙarewa kuma ba ya ambaliya, in an auna da safe kafin a karya tsakanin 70 da 99 za a samu. Shi ya sa da na yayana ya sauka 52 ƙwaƙwalwar ce ta fara nuna alama, faɗan nan da sambatun duk yunwarta ce. Af, kuma mitocin iri biyu ne, wata za ta nuna maka 90 wata ta nuna 5.0 a jini ɗaya, ba lalacewa ta yi ba ma'aunin ne daban, ka raba babbar lambar da 18 za ka samu ƙaramar. Na ga wanda ya tayar da hankalin gida saboda wannan.

Mai riƙe da wannan ma'aunin ita ce hanta. Wani Bafaranshe Claude Bernard shi ya gano haka, a zamanin da masana suka ɗauka dabba ba ta iya ƙera suga, sai dai ta ci daga tsiro. Ya ga karnukan da nama kawai ake ba su amma jinin da ke fitowa daga hantarsu da suga a ciki. Ya ɗauki hanta ya wanke ta da ruwa tas har ba sauran suga, ya ajiye, washegari ya auna ya tarar suga ya dawo. Ashe akwai wani abu a ciki da ke juyewa ya zama gulukos, a 1857 ya ware shi, shi ne gilaikojin, wato sitacin jikin dabba. In ka ci abinci hanta ta kwashi rarar ta ƙulla ta ajiye, wajen giram 100 take iya riƙewa, in ka kwana ba ka ci ba ta riƙa kwancewa tana sakin kaɗan-kaɗan. Tsoka ma tana ajiyewa, nata ya fi yawa ma wajen giram 400, amma ita marowaciya ce, abinda ya shiga hannunta ba ya komawa jini a matsayin gulukos, don aikin kanta ta ajiye. Rumbun hanta kuwa kwana ɗaya ba ci ya kusa ƙarewa, daga nan sai ta koma ƙera sabon gulukos daga furotin da wani ɓangare na kitse. Wato ko ka rantse ba za ka ƙara cin suga ba har abada, hantarka za ta ci gaba da dafa maka shi cikin dare kana barci, don ta san ƙwaƙwalwa ba ta jira. Guba ce jiki zai tashi tsakar dare yana haɗawa da kansa?

Masu rage ƙiba ma su ji wannan, kowane giram na gilaikojin da ruwa wajen giram uku ake ajiye shi. Shi ya sa in mutum ya yanke sitaci, sati ɗaya sai sikeli ya nuna ya sauke kilo biyu ya yi ta murna, yawanci ruwa ne ya fita, kitsen na nan inda yake.

Umarnin ajiya da saki daga wata 'yar gaɓa yake zuwa da ke kwance a bayan tumbi, fankiriyas. In gulukos ya hau ta saki insulin, shi ke buɗe wa gulukos ƙofar tsoka da kitse ya kuma ce wa hanta dakata haka. In ya sauka ta rage insulin ta saki gulukagon, shi kuma ya ce wa hanta buɗe rumbu. Wannan cinikin duk minti ake yinsa ba ka sani ba. Insulin na allura kuwa bai san ko ka karya ko ba ka karya ba, tunda ya shiga sai ya yi aikinsa, ya kwashe na jini ya kuma danne hanta, abinda ya faru da yayana kenan. Ba ina kushe allurar ba ne, kafin a samo ta a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, yaron da ya kamu da irin ciwon sugan da jiki ke dena yin insulin gaba ɗaya ba ya daɗewa. Leonard Thompson, ɗan shekara 14, shi aka fara yi wa a watan Janairun 1922 kuma ya tashi. Magani ne babba, amma shi da abinci tare suke tafiya.

In gulukos ya shiga cikin ƙwayar halitta, ba ƙone shi ake bal ɗaya ba kamar an cinna wa fetur ashana, da hakan ne da zafi kawai za a samu. Mataki-mataki ake bi, goma ne na farko, a raba shi gida biyu. Kuma abin kamar kasuwanci ne, sai an zuba jari. Kuɗin da ƙwayar halitta ke kashewa sunansa ATP, duk motsin tsoka da bugun zuciya da tunani da shi ake biya. A matakan farko a kashe ATP biyu, a na ƙarshe a samu huɗu, riba biyu kenan. Ƙaramar riba ce amma da sauri take zuwa kuma ba ta buƙatar oksijin. Babbar ribar sai an wuce da gutsattsarin nan biyu cikin wasu ƙananan ɗakuna da ake kira mitokondiriya, a can da taimakon iskar da muke shaƙa ake tatse sauran, jimilla a tashi da ATP wajen 30 daga gulukos ɗaya. Hans Krebs ne ya zana zagayen da ake bi a ɗakunan nan a 1937 yana Ingila. Abinda ya rage ruwa ne da iskar kabon, kuma iskar ta hanci take fita. Ina son ganin fuskar yara in na ce musu burodin da kuka ci da safe yanzu haka kuna fitar da shi ta numfashi. In kuma mutum ya zura da gudu har tsoka ta fi ƙarfin iskar da ke isowa, sai ta tsaya a ribar biyun nan tana yi da sauri-sauri tana tara wani sinadari da ake kira laktet, jini ya kwashe ya kai hanta, hanta ta sake mayar da shi gulukos ta turo. Miji da mata ne suka gano wannan zagayen, Carl da Gerty Cori, aka ba su Nobel a 1947.

To ga inda nake so masu cewa sun bar suga sun koma zuma su saurara. A matakan nan goma akwai mai gadi a mataki na uku, in ATP ya wadata sai ya rage gudun layin, ya ce ya isa haka. Gulukos dole ta gabansa zai wuce. Furuktos kuwa yawancinsa hanta ke karɓa, kuma hanyar da yake bi a can tana shigowa ne ta bayan mai gadin nan, ba mai tsayar da shi. In kaɗan ne ba komai, hanji da hanta su juya shi ya zama gulukos ko a ajiye. In ya zo da yawa lokaci guda, kamar yanda yake zuwa in an kwankwaɗi lemon kwalba, kuma kullum haka, to wani kaso hanta kitse take mayar da shi, ya taru a cikinta ko ya fita cikin jini. Kuma da yake furuktos ba ya ɗaga lambar mita sosai, don ita mitar gulukos kawai take gani, sai mutum ya ɗauka ya tsira. Ita zuma mene ne a cikinta? Furuktos wajen kashi 38 cikin ɗari, gulukos wajen kashi 31, ruwa wajen 17, sai 'yan abubuwa kaɗan. Wato su biyun nan dai da ke cikin farin suga, bambancin ƙudan zuma ya riga ya raba musu hannu. Ina son zuma, tana da ƙamshinta da amfaninta ban musa ba, amma mai ciwon suga da zai ture cokali biyu na suga ya zuba cokali huɗu na zuma yana cewa ai wannan na Allah ne ba na kamfani ba, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Hanta ba ta tambayar daga ina kake, a wajenta Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Shi ma raken ai ba a kamfani ya tsiro ba. Jariri kuma da bai shekara ba kar a ba shi zuma sam, wannan ba don zaƙin ba ne, wata ƙwayar cuta ce da kan ɓuya a ciki wadda hanjinsa bai kai ya iya da ita ba.

Wani zai ce to 'ya'yan itace fa, ba furuktos ne a ciki ba? Shi ne. Amma lemon zaƙi ɗaya in ka ɓare ka ci da ɓargonsa, sugan na ƙunshe cikin ruwa da zare-zare, sai ka tauna, sai ciki ya yi aiki, a hankali yake isa hanta, kuma da wuya ka ci huɗu a zama ɗaya. Matse huɗun a kofi ka tace, minti ɗaya ka shanye kana neman ƙari. Yawa da sauri, su ne maganar. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar a 2015 ba ta sa ɗan itacen da aka ci ɗungurungum ko madara a lissafi ba, amma ta sa sugan da ake zubawa da zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse duk a layi ɗaya. Ta ce kar su kai kashi goma cikin ɗari na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana, ga babba wajen giram 50 kenan, cokalin shayi goma sha biyu, in an iya a rage zuwa rabin haka ya fi. Gwangwanin lemo ɗaya kuwa zai iya ɗaukar har cokali goma. Ka tuna jinin gaba ɗaya cokali ɗaya ke ciki.

Kar a ce na zo kare suga ne, a'a. In gulukos ya daɗe a sama ɓarnarsa ba kaɗan ba ce. Yana da ɗanko, yana manne wa furotin ɗin jiki, a hankali ya lalata ƙananan hanyoyin jini na ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Wannan mannewar ce ma ake aunawa a gwajin nan na wata uku, tunda jar ƙwayar jini kwana 120 take yi a duniya, in aka duba yawan sugan da ya manne mata sai a san yanda aka kwana a watannin baya, ba wayon da mutum zai yi na ƙin cin abinci ana gobe zai je asibiti. In sugan jini ya haura wajen 180 a mita kuma ƙoda ta kasa mayar da shi, ya zube cikin fitsari ya ja ruwa ya tafi da shi, ga yawan fitsarin ga ƙishirwar da ba ta ƙarewa, har tururuwa ta riƙa bin wurin. Tun 1776 wani likita a Ingila Matthew Dobson ya ƙafar da fitsarin mai ciwon ya samu wani gari-gari mai zaƙi a ƙasan kwanon. Duk wannan gaskiya ne kuma a ci gaba da faɗa. Amma a faɗi ɗaya gefen ma.

Don ga wani wurin da gulukos ke ceton rai kullum ba a yi masa godiya. A bangon hanji ƙofar da gulukos ke shiga ba ta buɗewa sai ya zo tare da gishiri, su biyun suke wucewa tare, ruwa kuma ya bi bayansu. Wani Ba'amurke Robert Crane ya bayyana haka a 1960. Abin daɗin shi ne ko kwalara ta kama mutum hanjinsa na zubar da ruwa, wannan ƙofar tana nan tana aiki. A 1971 lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a bakin iyakar Indiya, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare, wani likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa gishiri da gulukos a durom ana ba mutane suna sha, 'yan uwan marasa lafiya ne ma ke ba su da kofi. Mace-macen da ke wajen kashi 30 cikin ɗari suka sauko ƙasa da kashi 4. Shi ne ruwan gishiri da sugan nan da ake ba yara masu gudawa. In babu na leda, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi shida na suga a shafe ba a tula ba, da rabin cokali na gishiri. Na ji da kunnena wata tana cewa ita ba ta sa sugan don ba shi da kyau ga yara, gishirin kawai take sawa. To ta cire mabuɗin ta bar yaro da ruwan gishiri. Wanda ya zabga sugan da yawa shi ma ya ɓata, ruwa zai janyo cikin hanji gudawar ta ƙaru, shi ya sa lemon kwalba ba ya maye gurbinsa.

Galaktos ba zan daɗe a kansa ba, hanta ke juya shi ya bi layin gulukos, kuma jariri da shi yake fara rayuwa tunda nonon uwa wajen kashi bakwai cikin ɗari sugan madara ne. Manya da yawa a duniya, wajen biyu cikin uku, sinadarin da ke raba sugan madara gida biyu yana raguwa a hanjinsu bayan yaye, shi ne za ka ga mutum ya sha madara cikinsa ya kama ƙugi da kumburi. Akwai ma wasu ƙananan sugan masu kabon biyar da ba a zancensu, ribos da ɗan uwansa, ATP ɗin nan da na yi ta ambata da ribos aka gina shi, kuma ƙashin bayan DNA da ke ɗauke da kamannin da muka gada wajen iyaye suga ne. Daga gulukos jiki ke ƙera su.

Roƙona gare ka Edita, masu rubuta mana shafin lafiya in sun ce suga su riƙa faɗin wanne suke nufi, na kofi ko na jini, kuma nawa. Sannan don Allah a nemo likita ya yi mana rubutu guda a kan faɗuwar suga kaɗai, don duk gidan da ake allurar insulin ko ake shan wasu ƙwayoyin ciwon suga ya kamata kowa har yara su san alamun, zufa mai sanyi, rawar jiki, jiri, yunwa mai tsanani, faɗa ba dalili, magana ba kan gado. Su san in mita ta nuna ƙasa da 70 kuma mutum na iya haɗiya a ba shi wajen giram 15 na suga, cokalin shayi huɗu kenan a ruwa, a jira minti goma sha biyar a sake aunawa, in bai hau ba a ƙara, in ya hau a ba shi abinci. In kuwa ya riga ya suma kar a ɗura masa komai a baki zai shaƙe, a kwantar da shi ta gefe a yi asibiti da shi da gaggawa. Likitan zai fi ni iya tsara shi.

Yayana dai da ya koma asibiti an ɗan gyara masa yawan allurar, an kuma ja masa kunne kan fita ba karyawa. Yanzu duk rigar da zai saka akwai ƙullin suga a aljihun gaba, kuma Anti ce da kanta take ƙullawa, in ya kai bakin ƙofa sai ta taɓa aljihun ta ji yana nan kafin ta bar shi ya fita.

Na gode da wannan fili, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin kemistiri, mai karanta ku kullum.